Gishirin Teku a Bakin Dutse: Tasirin Nutsewar Ɓawon Ƙasa kan Iskar Aman Wuta da Maɓuɓɓugan Ruwan Zafi



Zan fara da garin Arima, kusa da birnin Kobe a Japan. Akwai maɓuɓɓuga a can da ruwanta ke fitowa kusan a tafashe, launinsa ja-ja saboda ƙarfe, gishirinsa kuma ya kai kusan ninki biyu na ruwan teku. Babu wani dutse mai aman wuta a kusa da garin. To daga ina zafin, daga ina gishirin? Amsar wannan tambaya ita ce ƙashin bayan takardata.

Ɓawon duniya falle-falle ne, kuma kowane falle yana tafiya, 'yan santimita a shekara. Inda fallen ƙarƙashin teku ya ci karo da wani, sai mai nauyin ya sunkuya ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa. Haka ake yi a gaɓar Japan da Indonesiya da tsaunukan Andis na Kudancin Amurka. Fallen ba ya sauka hannu rabbana. Ya shafe miliyoyin shekaru a jiƙe, ruwan teku ya shiga cikin ma'adinansa, a bayansa kuma ga laka da farar ƙasa da ragowar halittun ruwa. Da ya kai zurfin kusan kilomita 100, zafi da matsi sai su tatse ruwan, ya hau cikin dutsen da ke sama. Kamar dai yadda kanwa ke sa wake ya nuna da wuri, haka wannan ruwa ke sa dutse ya narke a zafin da bai kai ya narkar da shi a bushe ba.

Saboda haka iskar da ke fita daga duwatsun aman wuta na irin waɗannan wurare tana ɗauke da alamar teku. Fiye da kashi 90 cikin ɗari tururin ruwa ne. Kulorin ya fi yawa idan aka kwatanta da duwatsun Hawai, waɗanda ba su da alaƙa da nutsewa. Naitirojin ma ya fi yawa, kuma nau'insa ya nuna daga lakar teku ya zo. Kabon kuwa, kaso mai tsoka daga farar ƙasar da ta nutse yake. Abin da ya fi burge ni shi ne sinadarin beriliyom-10, wanda ake samar da shi a sararin sama, ruwan sama ya sauko da shi, rabinsa kuma yana ɓacewa duk bayan shekara kusan miliyan 1.4. An same shi a duwatsun aman wuta na Amurka ta Tsakiya. Ke nan lakar ta nutse ta dawo kafin ya ƙare.

Mutumin da ya sauƙaƙa mana awon wannan iska shi ne Werner Giggenbach, Bajamushe da ya yi aikinsa a Niyu Zilan. Dabararsa kwalba ce da aka zuƙe wa iska aka zuba ruwan soda a ciki: sodar ta kama iskoki masu asid, sauran kamar naitirojin da hiliyom su taru a sama. Har yau da ita ake aiki. Ya rasu a 1997 a Rabaul, yana bakin aikin ɗibar iska.

Idan wannan iska ta haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwan yakan koma asid. Maɓuɓɓugar Tamagawa a Japan tana fitar da kusan lita 9,000 a minti ɗaya, zafinta digiri 98, ma'aunin pH ɗinta wajen 1.2. A Kawah Ijen da ke Jaba ta Gabas, pH ɗin tafkin bakin dutsen ya sauka ƙasa da 1, a gefensa kuma leburori ke fasa farar wuta su ɗauko a kafaɗa, a cikin hayaƙin da ke cin huhu. Arima kuwa tana gaba da layin duwatsun aman wuta na Japan, inda fallen tekun Filifin bai yi zurfin da zai narkar da dutse ba. Ruwan da aka tatse sai ya biyo tsagar ƙasa ya fito da gishirinsa da hiliyom-3 na can ciki.

Ina jan hankalin ɗalibai kada a yi kuɗin goro. Tafkin Nyos na Kamaru, wanda ya hallaka mutum sama da 1,700 a watan Agusta na 1986, iskar kabon ce ta taru a gindinsa, kuma babu falle mai nutsewa a ƙarƙashin Kamaru. Ruwan Wikki na Yankari, mai digiri 31, garai yake har ana wanka a ciki. Duk wanda zai rubuta kundi kan maɓuɓɓugan yankinmu, don Allah ya fara auna kulorin da naitirojin da hiliyom kafin ya ɗauko bayanin Japan ya ɗora musu.