Sa'o'in Zango

Karatunmu na yau yana cikin Markus sura 6, aya 30 zuwa 32. Manzanni sun komo daga aike, taro ya yi musu yawa har ba su sami zarafin cin abinci ba, sai Ubangiji ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su ɗan huta.

A arewa maso yammacin ƙasar Sifen akwai birnin Santiyago, inda bisa ga al'adar ikkilisiyar can aka binne Manzo Yakubu ɗan Zabadi, wanda sarki Hirudus ya sa aka kashe da takobi. Fiye da shekara 1,000 ke nan mutane suna zuwa ziyara can da ƙafa. Hanyar da aka fi bi ta taso ne daga bakin iyakar Faransa, wajen kilomita 780, tafiyar wata guda da 'yan kwanaki. A shekara ta 2023 mutum fiye da 400,000 suka karɓi takardar shaida, wadda mai tafiyar ƙasa ba ya samu sai ya taka aƙalla kilomita 100. Kada wani ya ce fasto ya ce kaushin ƙafa yana kawo ceto. Ceto ta wurin alheri ne. Abin da nake so mu duba shi ne yinin matafiyin nan.

Yakan tashi da asuba, ya yi kilomita 20 ko 25 kafin rana ta yi zafi. Wajen ƙarfe ɗaya ko biyu ya isa masauki. A buga masa hatimi a takardarsa, ya yi wanka, ya wanke rigar da ya tuɓe ya shanya, ya duba bororon ƙafarsa. Shi ke nan fa. Abincin dare sai ƙarfe bakwai ko takwas, ƙofa kuma sai wajen goma ake rufewa. Ga sa'a biyar ko shida a gabansa cikin ƙauyen da bai san kowa ba, kantuna ma sun rufe domin hutun rana.

Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro sun san zango, amma su in sun sauka akwai jakuna, akwai kaya, akwai lissafi. Wannan kuwa ba shi da gona a nan, ba ofis, ba mai nemansa. A ganina nan ne wuyar tafiyar take. Muddin ƙafa tana motsi, mutum yana da amsar da zai ba zuciyarsa: ina tafiya. Da ya zauna a bakin gado, abin da ya baro a gida sai ya cim masa: matar da ta rasu, ɗan da ba ya gaishe shi, ɗan'uwan da suka yi shekara bakwai ba sa ga maciji saboda gonar gado. Shi ya sa wani yakan saɓa jaka ya ƙara zango, wani kuma ya duƙufa a kan wayarsa har dare.

'Yan'uwa, da yawanmu muna cikin irin wannan zango ba mu je Sifen ba. Baba, ka yi ritaya, gari ya waye ba inda za ka. Ɗana, ka gama makaranta, aiki ya ƙi samuwa. Mama, kina kwance a asibiti kina ƙirga ƙarfen gado. Kuna cewa lokacin nan asara ne, har kuna jin kunyarsa. Ku tuna da annabi Iliya cikin 1 Sarakuna sura 19. Kafin tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb, Allah bai ba shi wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci a gindin itace, ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya. A nan gindin itacen ne kuma Iliya ya faɗi abin da ke cikinsa, cewa ya gaji da rai. Allah bai kore shi saboda wannan magana ba. To, kai ma idan abin ya cim maka a zaune, kada ka tashi ka gudu. Faɗa wa Allah da sunansa. In kuwa akwai wanda ya kamata ka aika wa saƙo, yanzu kana da lokacin.

Cikin Luka sura 24, almajirai biyu sun yi tafiyar wajen mil bakwai zuwa Imuwasu, Yesu yana tare da su yana buɗe musu Littattafai, duk da haka ba su gane shi a hanya ba. Sai da yamma ta yi, suka sauka, suka roƙe shi ya kwana, suka zauna cin abinci. Ya ɗauki gurasa ya gutsuttsura, a nan idanunsu suka buɗe. A daren nan suka tashi suka koma Urushalima da ƙafa.