Kotun Soja Ba Ta Tsayawa Kan Ɗan Daji: Jawabin Da Aka Yi Wa 'Yan Jam'iyya A Bakin Kasuwa

Jama'a talakawa, 'yan tireda da 'yan koli! Ku gyara zama, yau Amurka za mu kai ku.

Daga 1861 zuwa 1865 an gwabza yaƙin basasa a can, Arewa da Kudu, a kan bauta. Kudu ce ta ce ba ta sakin bayi, saboda haka ba ma bayanta. To, a jihohin da ke tsakani, kamar Misuri da Kentaki, sai waɗansu manoma suka shiga daji da bindiga ba kayan soja, suna sari ka noƙe. In gwamnati ta kama su ba ta kai su gaban alƙali, sai gaban hafsoshi. Soja ke ƙara, soja ke yanke hukunci.

Akwai wani Champ Ferguson. Aka tuhume shi da kisan kai 53, har da waɗanda ke kwance da rauni. Ya ce shi sojan Kudu ne, a sallame shi kamar sauran. Hafsoshi suka ƙi, aka rataye shi a Nashbil ran 20 ga Oktoba 1865. Wannan kam ba mu yi masa kuka ba.

Amma ku saurara! Tarkon da aka ɗana wa kura, wa ya faɗa? A watan Mayu 1863 soja suka fasa ƙofar Vallandigham da tsakar dare, wani jigon 'yan hamayya a Ohayo. Ba bindiga ya ɗauka ba, lacca ya yi yana sukar yaƙin, kamar yadda muke tsaye gabanku yanzu. Ra'ayinsa ba namu ba ne, amma a kan magana kaɗai kotun soja ta ɗaure shi, Shugaba Linkan ya mai da ɗaurin kora zuwa Kudu. To ina ga mai tallar goro da ba shi da lauya, in maƙiyinsa ya raɗa wa soja cewa yana kai wa 'yan daji tuwo?

Sai 1866, bayan yaƙi ya ƙare, Kotun Ƙoli ta farka. A shari'ar Milligan, wani lauyan Indiyana da soja suka yanke wa rataya, ta ce soja ba su da ikon yi wa farar hula shari'a muddin kotunan gari na buɗe. Milligan ya fito kurkuku, ya kai ƙarar waɗanda suka tsare shi. A 1871 ya ci shari'a, aka ba shi diyyar dala biyar.