Tsawon Gini da Fuskar Gida: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Maganar da aka aiko ni da ita yau ta gini ce, watau tsawonsa da irin fuskar da ya ba hanya. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya ratsa Kankiya ya ga yadda shaguna da benaye na siminti ke tasowa. Abin da ya sami bakin titi kuwa ba ya daɗewa bai iso garuruwa irin su Ƙofa ta ƙasar Kusada ba.

A zamanin da ba a bukaci doka a rubuce ba, gama kayan aikin su ne dokar. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta ɗaukar nauyin rufi in faɗin ɗaki ya wuce kimanin ƙafa 6, sai magini ya yi dabarar tauyi ko ya ɗaura baka. Bangon tubali kuma, gwargwadon tsawonsa gwargwadon kaurin gindinsa. Saboda haka ko mutum ya so, ba ya zarce maƙwabcinsa da yawa. In ka ga gini ya yi sama, to, na jama'a ne ko na sarauta, kamar hasumiyar Gobarau a Katsina, ko masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Mai wadata kuwa a fuskar zaure yake nuna wadatarsa, da zankwaye da zanen dagi da shafen makuba.

To, siminti da rodi sun kwance wannan takunkumi. Yau mai kuɗi na iya ɗora hawa biyu ko uku a tsakiyar unguwa, ya buɗe taga ta fuskanci tsakar gidan wani. Daga ran nan matan gidan sun rasa sakewa, ba daka, ba wanki, ba shan iska da zafi, sai a takure. Wannan ba sabuwar shari'a ba ce, littafin Risala da almajiranmu ke karantawa ya hana buɗe tagar da za ta tona maƙwabci. Haka nan indararo mai zuba a kan masu wucewa, da dakali ko matakalar shago da ta ci hanya. Kowa ya ci taku ɗaya, lungun da amalanke ke bi sai ya gagari makara.

Ba cewa ake a koma ginin ƙasa ba. Launin fenti ma, a ganina, ba abin da hakimi zai ɓata lokacinsa a kai ba ne, kowa da abin da idonsa ke so. Tsawo da taga da layin bango su ne ke haddasa ƙara.

Ga yadda doka ta tsaya. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da iznin zama a kansu. Dokar tsara birane ta 1992 kuma ta ce a nemi izni kafin a tā da gini. Ba hakimi ke ba da wannan izni ba, amma wurinsa talaka ke fara zuwa, shi da dagaci da mai unguwa, ran da ake shaidar cinikin fili.

A nan ne aikinku yake, malamai. Sa'ad da kuke rubuta takardar ciniki, ku rubuta faɗin hanyar da ke gaban filin, a auna da tef gaban shaidu, kada a ce "kamar yadda aka sani". Sa'an nan ku tambayi mai saye ko bene zai yi. In ya ce i, a kira maƙwabta su ji inda tagogi za su duba, a tura shi ofishin tsara gari da zanensa, tun bai sayi bulo ba balle ya haƙa harsashi.