Ƙofa Ɗaya, Amsa Iri-iri: Gwajin Manhaja Kafin a Sake Ta



Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a kasuwar Gaya ya san abin da zan yi magana a kai, ko da bai san sunansa ba. Na'urar nan ba ta riƙe da kuɗin kowa. Tambaya take aikawa ga kwamfutar banki ta wata kafa da masana ke kira API, watau ƙofar da manhaja ke ƙwanƙwasa wa 'yar'uwarta, sa'an nan ta jira amsa.

To, ƙofar ɗaya ce, amma amsarta ba ɗaya ba ce. Ƙa'idar HTTP ta ba amsoshin lambobi: 200, buƙata ta biya, 404, ba a sami abin da ake nema ba, 503, kwamfutar ba ta iya aiki a wannan lokaci. Wani sa'in kuma sai a ji shiru.

Mai rubuta manhaja ba shi da ikon ya ce wa banki ya lalace ranar Talata don ya ga yadda manhajarsa za ta yi. Saboda haka sai ya kafa mutum-mutumi a bakin ƙofar, kamar wanda manomin Ajingi ke kafa wa tsuntsaye a gonar gero, sai dai shi wannan yana magana. Akan sa masa amsoshin a baki, a jere. Alal misali, kayan aikin unittest.mock, waɗanda aka shigar cikin harshen kwamfuta na Python a 2012, suna karɓar jerin amsoshi: tambayar farko ta sami 503, ta biyu shiru, ta uku 200. Gwajin kuwa yana gudana da kansa duk sa'ad da aka taɓa manhajar.

A ganina, shirun nan shi ne wurin da ya kamata a daɗe. Mu dai mun san shiru ma magana ce, amma a nan ba a san me ya ce ba. Mai yiwuwa banki ya riga ya cire kuɗin, amsar ce ta ɓace a hanya. Manhajar da ta ɗauki shiru a matsayin a'a, ta sake aikawa da sabuwar lambar ciniki, sai ta cire wa malamin firamare kuɗinsa sau biyu, ya kwana yana lissafin kuɗin mota zuwa banki. Don haka mai gwaji na ƙwarai ba ya tsayawa ga amsar ƙarshe. Yakan tambayi mutum-mutumin sau nawa aka ƙwanƙwasa masa, kuma ko lambar da aka zo da ita a karo na uku ita ce ta karon farko.