Doki da Mikiya: Jam'iyyu Biyu da Soja Ya Haifa

Yau za mu koma shekarar 1989, lokacin da gwamnatin sojan Najeriya ta ce ta gaji da jam'iyyun 'yan siyasa, za ta ƙera nata.

Dattawanmu sun san inda gizo yake saƙa tun Jamhuriya ta farko: NPC ta Arewa ce, AG ta Yamma, NCNC kuma ƙarfinta yana Gabas. A 1979 an canza sunaye, aka samu NPN da UPN da NPP da GNPP da PRP, amma galibi kowace ta koma gidan iyayenta. Wannan ce hujjar shugaban ƙasa na lokacin, Janar Ibrahim Babangida. A watan Oktoba na 1989 ya yi watsi da ƙungiyoyi 13 da suka nemi rajista, ya kafa biyu da doka: SDP mai alamar doki, da NRC mai alamar mikiya. Aka ce ɗaya ta ɗan karkata hagu, ɗaya ta ɗan karkata dama. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi, ta ba su kuɗi, ta gina musu ofisoshi a jihohi da ƙananan hukumomi. Ɗan siyasa bai da aiki sai ya zo ya yanki kati.

To, kada mu yi saurin yin dariya, domin dabarar ta yi wani amfani da ba a yawan faɗa. Da yake ƙofa biyu ce kawai, dole Bahaushe da Bayarabe da Ibo suka zauna a ɗaki ɗaya suna ciniki. A zaɓen gwamnoni na Disambar 1991, NRC ta ci jihohi 16, SDP ta ci 14. Legas, cibiyar magoya bayan Awolowo, ta faɗa hannun NRC. Kano ma haka, garin Malam Aminu, inda rigimar cikin gida ta raba kan 'yan SDP har Kabiru Gaya ya haye. Sai ranar 12 ga Yuni, 1993: Moshood Abiola da Babagana Kingibe na SDP, Musulmi biyu, suka samu ƙuri'u Kudu da Arewa, har Abiola ya kayar da Bashir Tofa na NRC a jiharsa ta Kano. Wanda ya ga siyasar 1964 ba zai yi tsammanin haka ba.

Amma fa wanda ya ba ka riga yana iya cewa tuɓe. A 1992, Shehu Musa 'Yar'aduwa yana kan gaba a zaɓen fid da gwani na SDP, Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi suna fafatawa a NRC, sai gwamnati ta soke zaɓen, ta hana 'yan takara 23 tsayawa, ta rushe shugabannin jam'iyyun biyu. Ba wadda ta iya ɗaga yatsa. Da me za ta ɗaga? Ofishin da za a taru a yi shawara ma na gwamnati ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da ya biyo bayan soke zaɓen 12 ga Yuni da gwamnatin Babangida ta yi. SDP ce ta ci, amma shugabanninta suka amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan. Mutanen da doka ta tara, ba aƙida ba, kowa ya kama lissafin kansa. Kwatanta da NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu, wadda talakawa suka riƙe da kwabonsu, aka ɗaure 'ya'yanta aka yi musu bulala, ba su bar ta ba. A Nuwambar 1993 Janar Sani Abacha ya rushe doki da mikiya a jawabi guda, Kingibe kuma ya karɓi kujerar ministan harkokin waje a gwamnatinsa.