Suleja da Ruwan Damina



Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, Suleja ta zama masaukin ma'aikatan da kuɗin hayar babban birnin ya fi ƙarfinsu. Gidaje suka yi ta tsirowa, har a gaɓar kogin Iku da kan tsofaffin hanyoyin ruwa. Itatuwan dazukan kewaye kuwa sun koma buhunan gawayi da ake jerawa a bakin titin Kaduna. Ƙasar da aka tsiraita ba ta shan ruwa. Gangarowa yake yi a guje, ya tarar da kwalbati cushe da ledoji da robobi, sai ya faɗa ɗakunan mutane.

Mun gani a watan Yulin 2017, lokacin da ambaliya ta ci rayuka ta rushe gidaje a garin nan. A watan Mayun 2025 kuma fiye da mutum 150 suka rasu a ambaliyar garin Mokwa. Masana sun ce ɗumamar yanayi na ƙara yawan mamakon ruwan da ke zuba cikin 'yan sa'o'i.

Ƙaddara gaskiya ce, amma ganganci namu ne. Hukuma ta hana gini a hanyar ruwa. Masu unguwanni su haɗa matasa a yashe kwatoci kafin damina ta kankama. Wanda ya sare itace ya dasa wani. Idan hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗi, mazauna bakin kogi su tashi tun da wuri.

Allah Ya tsare mu.