Takardar Hoton Ƙirji da Tambayar da Muka Makara Yi



An nemi in yi magana a kan jinyar yayana, Allah ya jiƙansa, ko wani zai amfana. Wata 6 yana shan maganin tarin tibi, tari bai lafa ba, rama sai ƙaruwa take. A ƙasarmu an sha ɗaukar sankarar huhu a matsayin tibi, domin alamunsu sun yi kama. In magani ya yi nisa babu sauƙi, ku koma ku nemi a sake bincike.

Da aka yi masa hoton siti, na karɓi takardar sakamako. Shekara 20 ina gyara takardun ɗalibai, amma wannan ta gagare ni. Daga baya na fahimci abu uku take faɗi: girman ƙarin a santimita, ko ya taɓa kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji, da kuma ko ya yaɗu zuwa ɗaya huhun, ko hanta, ko ƙashi. Hoto zato mai ƙarfi yake bayarwa. Tabbaci sai an ɗebo ɗan nama daga ƙarin an duba a ɗakin gwaji, kuma a nan ake sanin irin sankarar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai nau'in da ƙwayoyin sha na musamman suke danne shi, in gwaji ya nuna ya dace, ko da yake suna da tsada.

Nasa ya kai mataki na 4, wato ya yaɗu. A wannan mataki ba kasafai ake tiyata ba. Akwai kemo da ake sawa ta jijiya, akwai gashi da haske mai rage zafin ƙashi, ana kuma zuƙe ruwan da ya taru a gefen huhu don numfashi ya sassauta. Sai dai mu ba mu tambayi likita abin da ya fi muhimmanci ba: shin wannan magani don warkewa ne, ko don sauƙi da ƙarin kwanaki? Mun ɗauka na farko ne. Muka sayar da gona, muka kuma ɓoye wa mai ciwon gaskiya, wai tausayi. Ashe ya daɗe da ganewa, yana yin shiru ne don kada ya karya mana zuciya.

Ranar da aka zauna da shi, shi ya zaɓi a tsayar da kemo a mayar da shi gida. Wasu dangi suka ce mun sallama shi. Ban yarda ba. Kulawar rage raɗaɗi ita ma jinya ce. Mofin da muke tsoro, bisa awon likita, shi ya ba shi barci ya rage masa haki. Ya biya bashin da ake bin sa, ya yi wasiyya da bakinsa, ya kuma halarci ɗaurin auren 'yarsa a zaune kan kujera a ƙofar gida.